Jirgin Nan da Ka Gani, Lanƙwasa Yake Yi

Ɗana, jiya da muka tashi daga warsha ka tsaya kana kallon ƙaton jirgin kwantenar nan da ake saukewa a mina, wato tashar jiragen ruwa, har direban bas ya yi maka oda sau biyu. A mota ka ce mini: "Mu'allim, ƙarfe mai tsawo haka, ga kaya an jibga masa, yaya ba ya nitsewa? Kuma yaya ba ya karyewa a tsakiya?" Na ce ka bari in huta tukuna, don tambaya biyu ka haɗa a baki ɗaya. Ta farko mai sauƙi ce. Ta biyun ita ce abincinmu, mu masu waldar jirgi.

Fara sanin girman abin da kake kallo. Manyan na yanzu tsawonsu mita 400 ne, kusan tafiyar Safa zuwa Marwa ke nan, faɗinsu kuma mita 61. MSC Irina, wanda aka ƙera a ƙasar Sin a 2023, yana ɗaukar kwantena 24,346 masu ƙafa 20. Da za a jera su baki da baki a kan titi, sun haura kilomita 145, wato daga nan Jidda su kusan kai ka Makka su dawo da kai. Ɗaya daga cikin jiragen da suka fara wannan sana'a kuwa, Ideal X, a Amurka a 1956, kwantena 58 ya ɗauka.

Maganar nitsewa ba ta da tsawo. Jefa guduma a randa, ta tafi ƙasa. Ɗora kwanon silba, ya zauna a sama, har ka zuba masa tsakuwa. To jirgi kwano ne. Yana shiga ruwa har sai ruwan da ya ture ya kai nauyinsa, daga nan ya tsaya. Irin waɗannan in sun cika, kimanin mita 16 na jikinsu na cikin ruwa, ruwan da suka ture kuma ya haura tan 250,000. Shi ke nan.

Karyewa ce magana. Ka taɓa ganin ɗan dako ya ɗauko dogon rodi a ka? Tsakiya a sama, gaba da baya sun rusuna. Haka jirgin kwantena yake ko da teku a kwance take, domin tsakiyarsa tumbi ne mai faɗi, ruwa na tallafe da shi, goshi da baya kuwa sirara ne, ga kaya a kansu. Sai ya yi doro. In ya yi doro, ƙarfen sama ana jan sa, na ƙasa ana matse shi. Da ya fita teku, igiyar ruwa ta zo ƙarƙashin tsakiya, doron ya ƙaru. Ta wuce, wasu biyu suka ɗaga gaba da baya, sai ya gantsare. Doro, gantsarewa, doro, gantsarewa, dare da rana, shekara da shekaru. Kai da kanka ka san yadda ake tsinka waya in babu filaya: lanƙwasa ta kake yi gaba da baya har ta gaji. Ƙarfen jirgi ma yana gajiya, kuma daga wurin walda gajiyar ta fi farawa.

Akwai wadda ta fi wannan. Ɗauko kwalin dabino da murfinsa, ka riƙe gefe da gefe ka murɗa. Ba zai yarda ba. Cire murfin ka sake gwadawa, sai ka ji ya bi hannunka kamar tsumma. Jirgin dakon man fetur rufaffe ne daga sama, kwali da murfinsa. Jirgin kwantena kuwa dole a buɗe samansa kusan daga gefe zuwa gefe, don winshi ya zura kwantena tsaye cikin rumbu. Murafen da kake gani a kai zama kawai suke yi, ba su riƙe jikin jirgin ba. Saboda haka in igiya ta buge shi a karkace, goshi ya juya dama, baya ya juya hagu.

Dabarar da maƙera suka yi ita ce, a saman kowane gefe, daga gaba har baya, sun gina dogon akwatin ƙarfe rufaffe, shi ke hana murɗewar ta yi yawa. Cikinsa lungu ne da ma'aikata ke bi in teku ta ɓaci. Sun sha gaya mini cewa in ka tsaya a wannan ƙarshen ana iska, sai ka ga fitilun can ƙarshen suna hawa suna sauka. Sabon shiga yakan kama salati. A kan akwatin kuma akwai dangar bakin rumbu, nan ne ƙarfe mafi kauri a jirgin gaba ɗaya, yakan kai santimita 8 har ya wuce, alhali fallen gefen jirgin bai fi santimita 2 zuwa 3 ba. Duba kusurwoyin bakin rumbun in mun hau, ba za ka ga mai kaifi ba, duk a zagaye suke. Da hasara aka koyi wannan. Jiragen Liberty da Amurka ta yi ta haɗawa da walda lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu daga kusurwar bakin rumbu tsagewa ta kama su, wasu har suka rabe.

Kada ka ɗauka ƙarfe mai kauri ya fi lafiya. Siriri yakan lotsa ya ba ka gargaɗi. Mai kauri in tsaga ta shige shi, gudu take kamar an yaga atamfa. Shi ya sa a dangar nan ake sa ƙarfe na musamman mai tsayar da tsaga, kuma ba a yarda layin waldar danga ya haɗu da na dandamali, wato daɓen saman jirgin, a wuri ɗaya, sai a goce su, don tsagar in ta biyo layi ta tarar da bango.

A nan na sha nawa. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wani jirgi ya zo an bugi ƙarfen jagoran kwantena a cikin rumbunsa, aka ba mu gyara. Ka san raɓar Jidda in dare ya yi, riga ma jiƙewa take. Na bar kwalin sandunan walda na 7018 a buɗe tun magariba, na ji ƙyuyar komawa wurin tandar da ake busar da su, na ce ai babu komai. Waldar ta fito sumul, har ina yaba kaina. Da safe sufeto ya zo da na'urarsa, ya shafa mai a kan layin, ya ɗora kan na'urar yana ja a hankali, bai ce uffan ba. Sai ya ciro alli ya zana da'ira uku. Danshin da sandar ta sha ya bar iska a cikin ƙarfen, ya tsage daga ciki inda ido ba ya kai. Mu'allimina bai zage ni ba, ya miƙo mini saruk kawai, injin gurzar ƙarfe. Dare biyu ina gurzar aikina da hannuna, jirgi na jira, kowace awa kuɗi ne. Tun ranar ba na taɓa sandar da ba ta fito daga tanda da ɗuminta ba, ba na kuma kunna wuta a kan ƙarfe mai kauri sai na gasa shi.

Kuma jirgi yana karyewa, kada wani ya ruɗe ka. A watan Yuni na 2013, MOL Comfort, mai tsawon mita 316, ya taso daga Singafo, nan Jidda ma zai zo. A teku daura da Yaman ya rabe biyu. Ma'aikatansa 26 duk sun tsira, amma rabin baya ya nitse, rabin gaba ya kama wuta shi ma ya bi shi. Shekararsa biyar kacal da ƙerawa. Binciken da aka yi a Japan ya nuna fallen ƙasa ne na tsakiya ya lotsa saboda matsi, abin da na gaya maka na doro. Sauran jiragen da aka ƙera a kan zanensa sai da aka ƙara musu ƙarfe a ciki.

In ka lura, tsawon ya daɗe a tsaye. Emma Maersk na 2006 mita 397 ne, na yau 400. Ƙarin duk a faɗi da tudu yake, daga layin kwantena 22 zuwa 24. An kuma raba ɗakin tuƙi da inji, an matso da ɗakin tuƙin gaba, don doka ta ce kyaftin ya riƙa ganin ruwa bai wuce mita 500 daga goshin jirgi ba, in yana can baya kuwa tulin kwantena zai tare shi. Injin kansa labarin wata rana ne. Na Emma Maersk silinda 14 gare shi, kowace faɗin bakinta santimita 96, mutum na shiga ciki ya tsaya, nauyinsa tan 2,300, kuma juyi 102 kawai yake a minti. Babu giya tsakaninsa da farfela. In ana son baya, kashe shi ake yi a tayar da shi ta ɗaya hannun.

Gobe muna da aiki a rumbu na huɗu, ƙarfen jagora biyu sun lanƙwashe. Ka zo da wuri ka kunna tanda kafin ka sha shayi, ka kuma ɗauko tocila. In babban ma'aikacin jirgin ya yarda, zan shiga da kai lungun nan ka ɗora hannunka a kan dangar ka ji kaurinta.