Dusar ƙanƙara ta fito min toka-toka a hoton tsohon injin niƙa, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Virginia ta Amurka, satin da ya wuce an zuba dusar ƙanƙara sai muka je Mabry Mill, wani tsohon gidan niƙa na katako mai aiki da ruwa. A ido wajen ya yi kyau sosai, amma da na dawo na buɗe hotunan a kwamfuta sai na ga dusar ta zama toka-toka, wani wajen ma shuɗiya, ginin kuma ya yi baƙi ƙirin. Na gwada editin abin ya ƙara lalacewa. Don Allah kyamarar ce ba ta da kyau ko ni ne? Ina so in koma.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kyamararka lafiyarta ƙalau, abin da aka ƙera ta ta yi shi ta yi. Ma'aunin hasken da ke cikinta an saita shi ne ya ɗauka duk abin da ke gabansa idan aka gauraya zai ba da toka mai matsakaicin haske, to da ta ga fili fari fat sai ta zaci haske ya yi yawa ta rage shi, dusar ta koma toka, shi kuma katakon da dama can duhu ne ya ƙarasa nutsewa. Irin abin da ke faruwa ne ranar sallah idan ka ɗauki mutum cikin farar shadda da rana, shaddar ta fito dishi-dishi fuskar kuma ta ɓace.

Maganin a wajen ɗauka yake tun kafin a zo maganar editin. Nemi maɓallin nan mai alamar +/- ka ƙara haske, fara da +1, in dusar ce ta cika hoton ka kai har +1.7 ko +2, in kuma ginin ne ya fi cin wuri +0.7 ma zai iya isa. Kar ka yarda da abin da sikirin ke nuna maka, a cikin farin fili ido na yaudara, buɗe histogiram ɗin nan mai kama da tsaunuka ka tabbata tudun ya matsa dama amma bai manne da bango ba, don in ya manne to dusar ta ƙone kenan, ta zama farar takarda wadda babu editin ɗin da zai dawo da ita. In da waya kake ɗauka taɓa ginin a sikirin sannan ka ja alamar rana sama kaɗan. Kuma don Allah ka sa RAW, wato tsarin fayil da ke ajiye duk bayanan da kyamara ta ɗauka, don JPEG, tsarin hoto na yau da kullum, ya riga ya zubar da yawancin bayanan da zaka buƙata a cikin duhun katakon nan. Sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, buɗewar idon kyamara a f/8 ko f/11, kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku. In tazarar hasken dusa da duhun ƙarƙashin rufi ta yi yawa ɗauki uku a jere ba tare da ka motsa ba, ɗaya mai duhu ɗaya daidai ɗaya mai haske, ka haɗa su daga baya.

Shuɗin da ka gani kuma gaskiya ne akwai shi, idonka ne ke gyara maka shi ba ka lura ba. Dusar da ke inuwa ba rana ke haska ta ba, sararin sama ne, shi ya sa take ɗaukar launinsa. A ma'aunin launin haske da ake kira Kelbin, hasken rana tsaka wajen 5,500 yake, inuwa kan kai 7,000 zuwa 8,000, to in ka bar kyamara ta zaɓa da kanta sai ta rikice tsakanin biyun. Da RAW wannan ba abin damuwa bane.

Yanzu editin, nan ne nake so ka tsaya da kyau don nan mutane suka fi ɓata irin wannan hoto. A manhajar editin irin su Lightroom ko Snapseed fara da launi, ɗauki ɗan tsinken nan na daidaita fari ka taɓa dusar da haske ya sauka a kai, sannan ka duba, in ta koma ruwan ƙwai-ƙwai ka dawo baya kaɗan. Ni dai bana goge shuɗin inuwa gaba ɗaya, ina rage shi ne kawai, saboda shi ke gaya wa mai kallo cewa ana sanyi, in ka cire shi duka wajen ya zama kamar an baza gari a ƙasa. Bayan nan ɗaga fari har ya kusa iyaka, sauke wuraren da suka fi ƙyalli kaɗan yadda tudu da kwarin dusar zasu fito. Katakon kuma ware shi daban da burushi ka buɗe duhunsa shi kaɗai, ka ƙara masa ɗan kaifi yadda layin allunan da tsagewarsu zasu bayyana. In ka zuba kaifin nan a hoton gaba ɗaya dusar zata yi datti, ina zargin abin da ya same ka kenan da kace editin ya ƙara lalata shi.

Kuma wajen editin kar ka mai da ginin kamar sabo. Ed Mabry ya fara aikin wajen nan ne a 1903, shi da matarsa Lizzie suka riƙa niƙa wa mutanen yankin masara, ga yankan katako ga maƙera duk a waje ɗaya, har ya rasu a 1936. Allunan nan da suka koɗe suka yi toka shekaru ne suka mai da su haka, wallahi raina yana ɓaci in na ga an cika musu launi sun koma ja kamar jiya kafinta ya shafa musu fenti, ko an ciro wani sararin sama mai jan gajimare daga wani hoto an liƙa. Ranar da sama ta yi fari babu komai a cikinta rage ta a firam ɗin kawai, ka ba kududdufin da ke gaban ginin wuri, in bai daskare ba zai baka inuwar ginin da ta babban wilin da ruwa ke juyawa a cikinsa. Hoton baƙi da fari ma yana karɓar irin wannan rana sosai.

Da ka isa kar ka yi gaggawar matsawa kusa. Fara daga nesa ka gama ɗaukar faɗin wajen tukuna, don sawunka in ya shiga dusar ya shiga kenan. Daga baya ka matso ka nemi ƙanƙarar da ta daskare tana reto a jikin wilin da kwararon katakon da ke kawo masa ruwa, wajen nan ne mutane ke wucewa alhali ya fi komai nuna yadda injin ke aiki. Ba lallai ka samu wilin yana juyawa da sanyi ba, amma in akwai ruwa mai gudu barin kyamara tana ɗaukar haske na rabin sakan zuwa sakan 1 zai sa ya yi laushi, in kuma dusa na sauka 1/250 na sakan ko abin da ya fi shi sauri zai tsayar da ita ɗigo-ɗigo. Sassafe ya fi, hasken na zuwa a kwance yana fito da ƙwayar dusar.

Kafin ka fito duba shafin hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta Amurka, wato National Park Service, don wajen yana kan titin Blue Ridge Parkway ne daidai mil na 176 kusa da Meadows of Dan, kuma ana rufe sassan titin in ƙanƙara ta kama tunda ba sa zuba masa gishiri. Tafi da batir biyu, ɗaya a aljihun ciki kusa da jikinka saboda sanyi na shanye caji da wuri, wanda ya mutu ma in ya ji ɗumi yakan farfaɗo. In ka gama kar ka shiga mota mai hita da kyamara a buɗe, raɓa zata taru a gilashin har cikinta, saka ta a leda ka ɗaure tun kana waje, ka cire katin ka sa a aljihu in kana ɗokin ganin hotunan, ita kuma ka barta a ledar kamar awa 1 ko 2 har ta ɗauki ɗumin ɗaki. In ka dawo turo min RAW guda ɗaya mu duba tare.