Kiɗan da Ba Waƙa a Ciki: Da Wanne Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata abokiyar aikina tana yawan turo min irin kiɗan nan na Turawan dā, wanda ba a rera komai a cikinsa. Da na kunna sai hankalina ya tafi wani wuri. Kai wanne ka fi so, kuma da wanne zan fara? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba laifinki ba ne. Kunnenmu ya saba jiran abin da mawaƙi zai faɗa, kiɗa rakiya kawai yake masa. A nan kuwa kiɗan ne mai magana.

Kada ki fara da wanda makaɗa da yawa suke yi tare, zai cika miki kunne. Ki nemi na mutum ɗaya. Wanda nake bai wa duk wanda ya tambaye ni shi ne na Johann Sebastian Bach, Bajamushen da ya rayu daga 1685 zuwa 1750. Wajajen 1720 ya tsara kiɗa kashi shida domin celo, wani ƙaton goge mai tsirkiya huɗu da ake zama a kujera a riƙe shi tsakanin gwiwoyi. Ki fara da buɗewar kashi na farko, wadda ba ta kai minti uku ba.

An daɗe ana ɗaukar waɗannan kaɗe-kaɗe abin horar da hannu kawai. Sai wani yaro ɗan shekara 13, Pablo Casals, ya tsinci takardunsu a wani shagon tsofaffin littattafan kiɗa a Barcelona. Shekara 12 ya yi yana bitar su kafin ya yarda ya kaɗa a gaban jama'a, kuma sai tsakanin 1936 da 1939 aka ɗauki nasa a faifai. Na Casals ɗin nake so ki nema, duk da ƙarar tsohon faifai da za ki ji.

Ki bari sai dare, bayan kin sauka daga aiki. Ki sa kunne ga amon nan mai kauri na ƙasa: hannu yana tashi sama, yana komowa gare shi, kamar mai zuwa rijiya yana dawowa gida. A tsakiya zai ɗan tsaya, har ki zaci ya gama. Daga nan sai ya kama hawa, taki ɗaya bayan ɗaya, har ya buɗe a ƙarshe. Wurin nan har yau sai na riƙe numfashi.

Ki ji shi sau uku, sannan ki tura wa abokiyar taki, ki tambaye ta inda ya fi taɓa ta.