Tambaya da Amsa: Ƙaddara ce ko sakacinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina son ka warware min wani abu da ya daɗe yana damuna. Kullum in masifa ta faru sai ka ji ana cewa "haka Allah ya so" shi kenan an rufe magana, ni kuma wallahi zuciyata ba ta kwanciya. Shin laifi ne in na ce akwai hannun mutane a ciki?
Daga 'yar'uwarku a Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, ba laifi ba ne ko kaɗan. Mun yi imani da ƙaddara, amma ai Allah da kansa ya faɗa a Suratur Rum aya ta 41 cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Tunda kina Gusau ba sai mun je nesa ba, ki tuna gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irinsu Bagega, Dareta da Yargalma, inda yara kusan 400 suka rasu. Magidanci zai haƙo dutsen zinare ya kawo gida, a daka shi a turmi ko a niƙa a inji a tsakar gida, ƙurar ta sauka a ƙasa inda jariri yake rarrafe yana tsotsar yatsa, kwana kaɗan sai farfaɗiya, wasu su makance wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu har abada. Iyayen nan ba mugaye ba ne, talauci ne ya kai su kuma ba wanda ya taɓa gaya musu dutsen akwai guba, wannan ne yake min ciwo. Amma fa bayan likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF sun gano abin, mutanen Bagega sai da suka jira har 2013 kafin a saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar, kuma ba a iya fara ba yaro magani alhali zai koma ya zauna a kan gubar. Wannan jiran ai mutane ne suka yi shi da hannunsu, me za a kira shi in ba sakaci ba?

Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa saboda annoba a Sham aka ce ko gudun ƙaddara yake, cewa ya yi muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Don haka in an yi rashi ki yi ta'aziyya ki ce Allah ya jiƙa, bayan nan kuma ki tambaya a ina ake daka dutsen, wa kuma aka ba kuɗin gyara.