Kafin ka ƙara wa imel ɗin kamfani ado, leƙa rumbun bayanansa

Oga, barka da aiki. Imel ɗin kamfanin da aka damƙa mini yana kan saba ɗaya ne: Postfix mai aikawa da karɓar saƙo, Dovecot mai riƙe akwatunan saƙo, Roundcube shafin da ma'aikata ke karanta imel, sai PostgreSQL, rumbun bayanai, a bayansu. Ma'aikata sun kusa 200. Kullum da safe shafin imel sai ya yi nauyi, wani lokaci saƙon waje ya makara, diski kuma ya kai kashi 85 cikin ɗari. Ga manaja yana son abu uku: neman kalma a cikin saƙo, amsa ta atomatik ga wanda ya tafi hutu, da damar liƙa fayil mai megabait 25. Da wanne zan fara?

Yauwa yarona, barka kadai. Ba da ko ɗaya daga cikin ukun za ka fara ba. Biyu daga cikinsu, neman kalma da manyan fayiloli, diski suke ci, kai kuma saura kashi 15 ya rage maka. Ka ce wa manaja ya ba ka mako guda ka gyara ƙasa tukuna.

Abu na farko, ka san inda kowane kaya yake zaune. Saƙonnin kansu ba a cikin PostgreSQL suke ba. In Maildir kuke amfani da shi, kowane saƙo fayil ne guda a kan diski, a hannun Dovecot. Abin da ke rumbun bayanai shi ne sunayen akwatuna da kalmomin sirrinsu da aka rikiɗa, adireshin da ake karkatar da saƙo zuwa gare su, littafin adireshin kowane ma'aikaci, da kayan wucin gadi na Roundcube. Saboda haka kwafin ajiya biyu kake buƙata, kuma ba ɗayan da ke tsaya wa ɗaya. Na rumbun, ka ɗauka da pg_dump -Fc, ka haɗa da pg_dumpall --globals-only, domin pg_dump shi kaɗai ba ya ɗauko masu amfani da rumbun da kalmomin shigarsu. Na saƙonni, doveadm backup ko rsync zuwa wata na'ura dabam. Daga nan ka ɗauki wata kwamfuta da ba kowa a kanta, ka zuba kwafin da pg_restore, ka ƙirga layukan teburin akwatuna ka ga ko sun yi daidai da na sabar. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, a wurina ba kwafi ba ne. Kuma wanda aka ajiye a kan diskin da ake tsoron mutuwarsa, tare za su tafi.

Sai ka nemi abin da ya cinye diskin. Buga df -h ka ga wurin da ya rage, sannan df -i ka ga gurabun rajistar fayil da suka rage. Na biyun yara kan manta da shi: Maildir ƙananan fayiloli ne rututu, kuma gurabun rajistar fayil na iya ƙarewa alhali gigabait na nan zube. Na'ura ta ce maka babu wuri, kai kana kallon wuri da idonka. Bayan nan ka bi da du ka auna wuri uku: inda saƙonni suke, /var/log, da gidan PostgreSQL.

In ka tarar pg_wal ne ya kumbura, ka janye hannunka daga rm. Fayilolin nan su ne littafin da rumbun ke fara rubuta kowane canji a ciki kafin ya kai shi ainihin tebur, kuma da su yake farfaɗowa in wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu. Wanda ya goge su da hannu don ya sami wuri, garin neman gira ya rasa ido. Abu biyu ne kan sa su taru: ko archive_command yana faɗuwa ba wanda ya lura, ko an buɗe gurbin kwafi don wata saba ta biyu, sabar ta mutu aka bar gurbin yana jira. Duba pg_stat_archiver da pg_replication_slots. Ka gyara sanadin, rumbun zai share abinsa da kansa.

Yanzu ga inda na fi zargi. PostgreSQL ba ya gyara layi a inda yake. In aka sabunta layi, sabo yake rubutawa, tsohon ya zauna a matsayin matacce har sai VACUUM ya zo ya mayar da wurinsa abin sake amfani. Mai sharar atomatik, autovacuum, yana zagayowa kowane minti ɗaya, amma a saitinsa na asali ba ya taɓa tebur sai matattun layuka sun haura 50 da ƙarin kashi 20 cikin ɗari na girman teburin. Yi lissafi: tebur mai layi miliyan 5 sai ya tara gawa miliyan ɗaya kafin a waiwaye shi. A Roundcube teburan da ke shan wannan wahala su ne session, wanda ake ta sabuntawa muddin mutum yana cikin shafin, da cache_messages, cache_index da cache_thread in an kunna ajiyar wucin gadi a rumbu. Buɗe pg_stat_user_tables ka kalli n_dead_tup da last_autovacuum. Ga manyan tebura, sauke autovacuum_vacuum_scale_factor zuwa 0.02 da ALTER TABLE, a kan teburin kaɗai, ba a kan rumbun gaba ɗaya ba.

In kuwa ka ga mai sharar yana zuwa amma gawar ba ta raguwa, to wani ne ya tare ƙofa. Leƙa pg_stat_activity ka nemi haɗin da aka rubuta wa idle in transaction, ka dubi xact_start ɗinsa. Sau da yawa wani ne ya buɗe psql, tagar ba rumbun umarni, ya buga BEGIN, ya canja wani layi bai rufe da COMMIT ba, ya tafi sallar la'asar bai dawo kan tagar ba sai bayan kwana uku. Muddin cinikin nan, wato aikin da ya fara da BEGIN, a buɗe yake, VACUUM ba shi da ikon kwashe duk layin da ya mutu bayan buɗe shi, domin mai cinikin na iya neman ganinsa. Kashe haɗin da pg_terminate_backend, sannan ka sa idle_in_transaction_session_timeout a minti 10 kada a maimaita.

Za ka ji ana cewa a buga VACUUM FULL. Kada ka yi shi da rana, kuma da diskinka a haka kada ka yi shi sam sai ka auna. Sabon kwafin teburin yake rubutawa kafin ya jefar da tsohon, don haka yana neman wuri, kuma yana kulle teburin ƙam, ba karatu ba rubutu, har ya gama. Teburan cache ma ba sa buƙatarsa. Abin da ke cikinsu kwafi ne na abin da ke Dovecot, saboda haka TRUNCATE ya wadatar: cikin daƙiƙa wurin ya dawo wa diski, Roundcube ya sake cika su a hankali. Washegari da safe buɗe akwati zai ɗan yi nauyi a karon farko, shi ke nan. Teburin session ma haka, sai dai duk wanda ke ciki za a fitar da shi, wanda ke tsakar rubuta wasiƙa na iya rasa ta, don haka sai dare. Teburin contacts kuwa kul ka kusance shi da TRUNCATE, nan ne littafin adireshin mutane. Shi bin/cleandb.sh ne maganinsa, wanda ke kwashe adireshin da masu su suka riga suka goge. Ka kuma tabbatar bin/gc.sh, mai sharar session da cache, yana cikin cron, jadawalin ayyukan da saba ke yi da kanta, don a Debian da Ubuntu an kashe sharar session da PHP ke yi kai tsaye, in ba cron ba mai kwashe tsofaffin layukan.

Makarar saƙon safe kuma, ina kyautata zaton cunkoson haɗi ne. PostgreSQL na karɓar haɗi 100 ne a saitin asali. Postfix kuma na iya tayar da smtpd, masu karɓar saƙo, har 100, kowanne ya buɗe nasa haɗin ga kowane teburin da yake tambaya. Ƙara Dovecot da Roundcube a kai, ƙarfe takwas na safe kowa ya zauna a kujerarsa, sai rumbun ya fara cewa too many clients already. Postfix ya kasa tabbatar da adireshi, ya ce wa mai aikowa 451, wato ka dawo anjima. Saƙon bai ɓata ba, sabar can za ta sake gwadawa, amma jinkirin da ma'aikata ke kuka da shi ke nan. Nemi Temporary lookup failure a cikin mail.log, in ka gan shi ka kama ɓarawon. Maganin bai kai ka ɗaga max_connections zuwa 500 ba, wannan RAM kawai zai cinye. A main.cf, duk inda aka rubuta pgsql: ka mayar da shi proxy:pgsql:, sai tambayoyin su bi ta proxymap, ɗan aiken da ke yi wa dukansu tambaya, haɗi kaɗan ya ishe su. Tunda kana wurin, duba shared_buffers. Megabait 128 yake zuwa da shi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce rubu'in RAM, amma wannan ga sabar da rumbu kaɗai ke kanta ne. Taka tana ɗauke da kaya huɗu, ka tsaya ƙasa da haka. Sa log_min_duration_statement a 500 na kwana biyu, duk tambayar da ta wuce rabin daƙiƙa za ta rubuta sunanta. Wadda ta fi yawan fitowa ka bi ta da EXPLAIN ANALYZE. In ka ga Seq Scan a kan babban tebur, wato rumbun layi-layi yake bi, mai yiwuwa fihirisa ce babu, ka gina ta da CREATE INDEX CONCURRENTLY don kada ka tsayar da rubutu.

Wata aba da za ka ci karo da ita a intanet: wai a kashe fsync, mai tabbatar da rubutu ya sauka kan diski, rumbu ya yi gudu. Zai yi gudun kuwa. Amma a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, janareta kuma sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya kama, ɗaukewa ɗaya ta isa ta lalata rumbun ta yadda sai dai a koma kwafin ajiya. Bar shi a kunne, ka gwada batirin UPS ɗinka.

In diski ya sauko ƙasa da kashi 70 kuma safiya ta yi sauƙi, sai ka waiwayi manaja. Fara da amsar hutu, ita ce mai arha. Sieve, tsarin dokokin tace saƙo, ke yin ta, ta hanyar Pigeonhole na Dovecot, Roundcube kuma yana magana da shi ta ManageSieve a tashar 4190. Kunna managesieve a jerin ƙarin kayan Roundcube, ka sa managesieve_vacation ya zama 1. Tarkon guda ne: Sieve ba ya aiki sai in Dovecot ne ya sauke saƙon cikin akwati. In Postfix ne ke zubawa da kansa ta virtual, ma'aikaci zai rubuta saƙon hutunsa, shafi ya ce an adana, amma ba amsar da za ta taɓa fita. Mayar da virtual_transport zuwa LMTP na Dovecot, hanyar da Postfix ke miƙa masa saƙo, ka saka sieve a mail_plugins na sashen lmtp. Wajen gwaji kada ka ruɗe: mutum ɗaya sau ɗaya ake amsa masa a kwana 7, don haka saƙonka na biyu shiru za ka ji, kuma daidai ne.

Fayil mai megabait 25 ƙofa huɗu zai bi, kowacce da mai gadinta. Nginx, mai buɗe shafin Roundcube, megabait 1 yake bari a client_max_body_size, ya wuce haka ya ce 413. PHP, harshen da Roundcube ke gudu a kai, ƙofa biyu gare shi: upload_max_filesize a 2M da post_max_size a 8M. Postfix kuma message_size_limit ɗinsa bait 10240000 ne. A nan ake kuskure: imel ba ya ɗaukar fayil yadda yake, sai an juya shi zuwa base64, kowane bait 3 ya zama 4. Megabait 25 ya koma kusan 34 ke nan. Saboda haka Nginx da PHP ka ba su 30, Postfix ka ba shi 41943040, wato 40. Kada ka yi zarin kai shi 60 ba tare da ka ɗaga mailbox_size_limit da virtual_mailbox_limit ba, su 51200000 suke, kuma Postfix ba ya yarda iyakar saƙo ta fi su. Ka kuma sani, in wurin da ya rage a layin jiran saƙo bai kai ninki ɗaya da rabi na iyakar ba, Postfix zai daina karɓar saƙo ya ce 452. Ka gaya wa manaja tun yanzu cewa iyakar sabar wanda ake aika wa ba a hannunka take ba.

Neman kalma shi ne na ƙarshe. Yanzu in ma'aikaci ya nemi kalma a jikin saƙo, Dovecot fayil-fayil yake buɗewa, akwati mai saƙo dubu 40 ya tsayar da diski ga kowa. Fihirisar rubutu ta fts ke maganin wannan, ko da Solr ko da flatcurve mai aiki da Xapian. Solr na tafe da Java da cin RAM, ga mutum 200 a saba ɗaya na fi son flatcurve. Kada ka sake shi a kan kowa lokaci guda. Zaɓi akwati ɗaya babba, ka auna girmansa da du, ka buga doveadm index -u da adireshin mai shi da '*' a ƙarshe, ka sake aunawa, ka riƙe lokacin da ya ɗauka. Da wannan za ka lissafa wurin da duka akwatunan za su ci da daren da za su ɗauka. Sai ka raba su rukuni-rukuni, mutum 20 ko 30 kowane dare daga Juma'a, ka kunna fts_autoindex don sababbin saƙonni su riƙa shiga da kansu. Duba sigar Dovecot ɗinka da dovecot --version kafin ka kwafi saiti daga ko'ina, domin yadda ake rubuta saitin 2.4 ya bambanta da na 2.3, na wannan ba ya tashi a wancan. Ka turo mini abin da df -i da pg_stat_user_tables suka nuna kafin ka taɓa komai.