Zan je Afirka ta Kudu hutu da ɗan saro, Johannesburg zan sauka ko Cape Town?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Zariya, ina sayar da zannuwan gado da labule da kayan kicin. Maigida ya ce zai kai ni Afirka ta Kudu hutu na kamar kwana goma, ni kuma ina so in haɗa da ɗan saro kar in dawo hannu rabbana. Don Allah Johannesburg ya fi ko Cape Town? Ana samun abincin halal? Kuma da gaske ne ba sa son 'yan Najeriya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka wa maigida da alheri, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Bari in fara da maganar saron tunda na san ita ce a ranki. Gaskiya in saro ne zalla ya kai ki, Afirka ta Kudu ba ita ce hanya ba. Yawancin zannuwan gado da kayan kicin ɗin da za ki gani a China Mall ko Dragon City na Johannesburg daga Sin aka kawo su, irin dai wanda ake saukewa a Kwari ne, to ki ɗora kuɗin tikiti da otal da kuɗin awon kaya a filin jirgi, ki ga ribar ta tafi tun kafin ki bar ƙasar. Ki je da niyyar buɗe ido, ki sayo abin da a can ake yin shi wanda babu shi a layinku, wannan shi ne zai ba ki riba kuma shi ne zai sa kwastomominki su riƙa tambaya.

Game da gari kuma ba sai kin zaɓi ɗaya ba. Ku yi kwana uku ko huɗu a Johannesburg, sauran duk ku kai su Cape Town. Tsakaninsu kusan kilomita 1,400 ne, a jirgi awa biyu, akwai FlySafair da Airlink suna tashi kullum. Daga gida Ethiopian Airlines na ɗauka daga Kano ko Abuja ta Adis Ababa, kuma suna sauka a garuruwan biyu, don haka ki ce wa mai yi maku tikiti ku shiga ta Johannesburg ku fito ta Cape Town, kin huta da komawa baya. Biza ta ofishin VFS ake nema a Abuja ko Legas, ku nema da wuri sosai kar ku sayi tikitin da ba a canzawa kafin ta fito, sannan katin rigakafin shawara dole ne ga wanda ya taso daga Najeriya, ki sa shi cikin fasfo tun yanzu.

Lokacin tafiya ma ki duba, don yanayinsu a juye yake da namu. Yuni zuwa Agusta sanyi ne na gaske, Johannesburg tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,750, da asuba har raɓa na daskarewa, Cape Town kuma a lokacin take ruwan sama da iska. Disamba zuwa Fabrairu ne zafi, amma tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu kowa na hutu, otal ya yi tsada, layi ko'ina. Ni dai in an bar ni Maris ko Afrilu ko Nuwamba nake zaɓa wa mutane. In kuma Disambar kuka je ki sani a Cape Town magariba sai wajen ƙarfe takwas na dare.

A Johannesburg wurinki shi ne Oriental Plaza a unguwar Fordsburg. Kasuwar Indiyawa ce, yawancinsu Musulmi, asalinta gwamnatin wariyar launin fata ce ta tashe su daga shagunansu na Pageview a shekarun 1970 ta tara su a nan. Labule, yadi, zannuwan gado, tukwane, duk sana'arki ce, kuma ana ciniki ba kamar manyan kantuna irin Sandton City da farashi ke manne ba. Ko ba ki sayi da yawa ba ki tsaya ki kalli yadda suke ɗinkin labule da yadda suke jera shago, ki ɗauki hoto in sun yarda, wallahi wannan kaɗai ilimi ne da za ki dawo da shi. Ranar Juma'a shaguna da yawa na rufewa da azahar don salla, ki tsara zuwanki. Kina fitowa gidajen abinci na halal ne jere a Fordsburg ɗin, biriyani, gasasshiyar kaza, samosa.

Abin da nake so ki nema da ido biyu shi ne shweshwe. Wani yadin auduga ne mai ƙananan zane, asalin launinsa shuɗi amma yanzu akwai ja da ruwan ƙasa da sauransu, masaƙar Da Gama ce ke yin shi a lardin Eastern Cape. Na ainihi in kin juya bayansa za ki ga hatimin kyanwa uku, Three Cats, kuma yana da tauri da wani ƙanshi na sitaci, sai an wanke yake laushi. Faɗinsa bai kai na atamfa ba, ki lissafa da haka kafin ki ce a yanka. Ga mai sana'arki yana kyau ƙwarai a rigar filo da shimfiɗar tebur. Sai bargon Basotho na kamfanin Aranda, mai kauri ne, masu sanyin Jos da Zariya za su so shi, matsalarsa nauyi kawai. Sai shayin rooibos, ganyen da a tsaunukan Cederberg yake fitowa, ba ya hana barci, ba nauyi a jaka kuma tsaraba ce mai kyau. Kayan yara a Pep da Ackermans da Mr Price suna da sauƙi. Abin da aka yi da haure ko fatar namun dawa kuma ki bar shi inda kika gan shi, kwastan za su iya tsare ki a kansa.

Ki riƙa karɓar rasit na haraji a duk shagon da kika yi sayayya. Akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kaya, baƙo yana iya neman a mayar masa in jimillar ta wuce rand 250, amma sai kin nuna kayan da rasit ɗin a filin jirgi kafin a auna jaka ta shige. Mutane da yawa sai jaka ta wuce suke tunawa.

Ki ba Soweto, babbar unguwar baƙar fata da ke gefen Johannesburg, yini ɗaya. Layin Vilakazi nan gidan Mandela yake mai lamba 8115, ƙaramin gida ne na jan bulo, a layin kuma Desmond Tutu ma ya zauna. Kusa da nan akwai gidan tarihi na Hector Pieterson, yaron da 'yan sanda suka harbe ranar 16 ga Yuni 1976 da ɗalibai suka fito zanga-zangar ƙin a koyar da su da harshen Afirkans. Juma'a kuma ku yi ta a masallacin Nizamiye da ke Midrand, ginin Turkawa ne da aka buɗe a 2012. In kuna son namun dawa ba sai kun je gandun dajin Kruger ba don da nisa, na Pilanesberg bai kai awa uku a mota daga Johannesburg ba, akwai zaki, giwa, ɓauna, karkanda da damisa, ga raƙumin dawa da jakin dawa, kuma ba yankin zazzaɓin cizon sauro ba ne.

To Cape Town. Dutsen Table tsayinsa ya ɗan haura mita 1,080, ana hawa da wata mota mai rataye a igiya, ƙasanta na juyawa a hankali kowa ya ga ko'ina. Shawarata ranar da kuka tashi kuka ga saman dutsen fes ba gajimare, ku ajiye duk wani shiri ku tafi, don iska na tasowa sai su rufe, wani sai ya yi mako bai samu hawa ba. Wata ranar ku ɗauki mota zuwa Cape Point, ku tsaya a Boulders kusa da Simon's Town ku ga tsuntsayen fengwin suna tafiya a yashi dab da ƙafarki, amma a Cape Point ɗin ki rufe gilashi kar ki riƙe abinci a hannu, biran wurin ƙwace suke yi.

Amma inda nake so ki fi daɗewa shi ne Bo-Kaap, unguwar nan mai gidaje kala-kala a gindin tsauni. 'Yan yawon buɗe ido hoto kawai suke ɗauka su wuce, ke kar ki yi haka. Mutanen unguwar jikokin bayi ne da fursunonin siyasa da Turawan Holan suka kwaso daga tsibiran Indonesiya da Indiya da gabashin Afirka, an hana su yin addininsu a fili tsawon zamani amma suka riƙe shi. A layin Dorp akwai masallacin Auwal, na 1794, shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Limaminsa na farko ana ce masa Tuan Guru, ɗan sarauta ne daga tsibirin Tidore, an kawo shi a 1780 aka kulle shi a tsibirin Robben, ba littafi ko ɗaya a hannunsa, ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka kamar yadda alarammominmu ke yi. An gano kwafin a rufin masallacin lokacin wani gyara a shekarun 1980, yana nan a ajiye cikin gilashi. Kabarinsa na maƙabartar Tana Baru a saman unguwar. Don haka ranar da kuka hau jirgin ruwa daga tashar jiragen ruwa ta Waterfront zuwa Robben don ganin ɗakin da Mandela ya yi shekara 18 cikin 27 ɗin da ya yi a kurkuku, ki tuna kusan shekara 200 kafin shi an ɗaure malamin Musulunci a wannan tsibirin. Tsoffin fursunoni na cikin masu zagayawa da baƙi, kuma tikitin ku saya ta intanet tun da sauran kwanaki don yana ƙarewa.

Abinci kam kar ki damu, Cape Town na cikin garuruwan da Musulmi ya fi samun sauƙi a kudancin Afirka. Ki duba takardar shaidar halal a bango ko a jikin kaya, za ki ga tambarin ƙungiyoyin da ke ba da ita, MJC ko SANHA ko NIHT, in ba ki gani ba ki tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi. Ki ci bobotie, niƙaƙƙen nama ne da kayan ƙanshi an gasa da ƙwai a sama, da koesister na safiyar Lahadi, soyayyen fulawa mai kirfa da citta an tsoma a ruwan sukari an barbaɗa kwakwa. In kewar gida ta kama ki akwai pap, tuwon masara ne, ana ci da gasasshen nama da chakalaka mai yaji. Wuraren gashin nama na unguwanni dai ki yi hattara, da yawa suna haɗa naman alade a waya ɗaya, haka busasshen namansu biltong sai mai tambarin halal.

Tambayarki ta ƙarshe ba zan ɓoye maki ba. An kai wa baƙi 'yan Afirka hari a 2008, mutum sama da 60 suka mutu, an sake a 2015 da 2019, har jirgin Air Peace ya kwaso 'yan Najeriya kyauta a watan Satumbar 2019. Abin yana da ciwo, musamman in aka tuna irin tsayawar da Najeriya ta yi masu lokacin wariya. Sai dai galibi abin ya fi shafar masu shaguna da masu neman aiki a unguwannin talakawa inda rashin aikin yi ya yi katutu, mai ziyara na kwana goma ba kasafai yake cin karo da shi ba, kuma za ki haɗu da mutane masu fara'a da son taimako da yawa. Abin da ya fi kusa da ke shi ne fashi da ƙwacen waya. Kar ki fita da gwala-gwalai, ki bar su ma a Zariya. Kar ki yi tafiyar ƙafa da dare, kar ku shiga tsakiyar Johannesburg da Hillbrow sai da ɗan gari, kar ki yarda wani ya "taimaka" maki a na'urar ATM. Daga filin jirgin OR Tambo jirgin ƙasa na Gautrain zai kai ku Sandton cikin kamar minti 15, a cikin gari kuma Uber ko Bolt, ki duba lambar mota kafin ki shiga. Kusan ko'ina da kati ake biya, ki riƙe 'yan canji kawai don masu gadin mota da masu zuba mai, a gidan abinci kuma ana ƙara kamar kashi 10 ga wanda ya yi hidima. In maigida zai yi haya ya tuƙa da kansa ya sani a hannun hagu suke tuƙi. Kafin ku biya otal ku tambaya ko suna da janareta ko sola don wani lokacin ana ɗauke wuta bi da bi, sannan soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku zagayayyu ne, cajarki ba za ta shiga ba, ki sayi adafta tun a filin jirgi kafin ku fita.