Buhu Uku A Bayan Shago: A Sayar Ko A Bayar?

Ɗana, jiya da yamma bayan ka share ɗakin ajiya, ka fito da buhu uku cike da ragowar yadi da zare da maɓallai da zif da duwatsun ado, ka ce da ni: "Maigida, kayan nan da suka shekara ba a taɓa su ba, mu kai su Ƙofar Wambai mu sayar ne, ko kuwa mu bayar sadaka mu huta?" Ban amsa maka a take ba domin akwai mai kaya a tsaye ina auna shi, kuma tambayar ba irin wadda ake amsawa da allura a baki ba ce. Yanzu da aiki ya lafa, zauna ka ji yadda nake ganin lamarin.

Ka ɗauki buhunan nan tamkar abu guda, alhali abin da ke cikinsu ba duka ne namu ba. Kafin a yi maganar ciniki ko sadaka, wajibi ne a san mai kowane ƙyalle. Mace takan kawo turmin atamfa mai yadi 6, a fitar mata da riga da zani da ɗankwali, a samu saura. Namiji yakan kawo shadda yadi 5 domin kaftani da wando, wani lokaci rabin yadi ya rage. Wannan saura dukiyar mai ita ce, kuɗin ɗinki kawai ya biya mu, bai sayar mana da yadinsa ba. Gutsattsarin da almakashi ke zubarwa, waɗanda ba su kai tafin hannu ba, mutane sun saba yafe su, babu wanda zai dawo ya nema. Amma duk ƙyallen da zai isa aljihu ko hular yaro ko rigar jariri, amana ne a hannunmu. Ka sha jin ana yi wa teloli ba'a cewa 'ya'yansu ba sa rasa kayan Sallah, to irin wannan sakaci ne ya jawo mana ba'ar.

Ni kaina na taɓa ƙonuwa a wannan wuri lokacin da nake yaron shago kamarka. Wani dattijo ya kawo shadda mai ruwan toka, aka yi masa babbar riga, ragowar kuwa na yanka na yi wa ƙanena 'yar shara ba tare da na tambayi kowa ba. Bayan wata guda sai ga dattijon ya dawo, garwashin turaren wuta ya huda masa hannun riga, yana neman ragowar yadinsa a yi masa maho. Na zaga kasuwa kwana biyu ban samu launin da ya dace ba, domin ko sunan shadda ɗaya ne, rinin wannan dila yakan bambanta da na wancan. Maigidana bai ɗaga mini murya ba, sai dai ya sa na je har gidan dattijon na faɗa masa abin da na yi da bakina, sannan na biya daga ɗan abin da nake tarawa. Tun daga ranar, ragowar yadi a jakar mai kaya nake sa ta tare da ɗinkinsa.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka ware duk ƙyallen da ke da suna a jikinsa, ko an rubuta da alli ko an maƙala takarda, mu duba littafin awo mu kira masu su. Wanda ya ce ya bar mana, ya zama namu. Wanda muka yi iya nema ba mu gane mai shi ba, abin da malamai suka koya mana shi ne a bayar da shi sadaka da niyyar ladan ya je ga mai shi, ba a sayar a ci kuɗin ba. Kaftani biyun da ka gani a ƙasan buhu, waɗanda aka ɗinka ba a zo an karɓa ba, su ma kada hannunka ya kai gare su. A rataye su har mu samu masu su ko iyalansu.

Idan an gama da wannan, sai a juyo kan kayan da muka saya da kuɗinmu, a duba wanda ke da rai da wanda ya mutu, domin kayan ɗinki ma suna tsufa ko ba a taɓa su ba. Ka warware zare kamu ɗaya ka ja shi tsakanin hannayenka. Idan ya tsinke ba tare da gardama ba, rana da ƙura sun cinye shi, kuma haka zai riƙa tsinkewa a keke. Robar ƙugu idan an ja ta ba ta koma yadda take ba, ta gama aiki. Sitif mai gam, wato ƙyallen da ake mannawa a cikin wuyan riga domin ya tsaya, a gwada shi da dutsen guga a kan wani tsumma, a ga ko har yanzu yana kamawa. Zif a zuge shi sama da ƙasa, a duba tsatsar da damina ke bari a haƙoransa. Yadi kuwa a buɗe shi gaba ɗaya a hasken rana, domin layin ninki yakan koɗe, asu da gara kuma daga ciki suke fara ɓarna. Wanda ya ga yadin da ruwa ya taɓa lokacin da ambaliya ta shiga shagunan Kantin Kwari a daminar 2022 ya san cewa yadi yakan bushe ya yi kamar lafiyayye, amma tabon da warin danshi suna nan a cikin ninki.

Abin da ya faɗi a wannan gwaji shi ne nake so ka fi kula da shi, domin na ji yadda ka ce "mu bayar mu huta". Mutane da yawa suna sayar da mai kyau, sannan abin da kasuwa ta ƙi su kira shi sadaka. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 267, an hane mu da nufin mummunan abu domin ciyarwa, irin wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Ka yi tunanin yarinyar da ta fara koyon ɗinki a kan keken aro, aka ba ta ruɓaɓɓen zare. Duk taku goma zaren ya tsinke, ita kuwa ba ta san laifin zare ba ne, sai ta ɗauka hannunta ne bai iya ba, ko ta kwance ƙoshiya ta ɓata saitin keken mutane. Wanda ya ba ta wannan zaren bai taimake ta ba, bolarsa kawai ya kwashe ya kai ƙofar gidansu. Matattun kaya suna da tasu hanyar: masu cusa matashin kai suna sayen gutsattsarin yadi buhu-buhu, makanikai da masu wankin mota suna neman tsumman auduga, tsofaffin zif na ƙarfe da karyayyun almakashi kuma 'yan gwangwan za su auna su biya. Kuɗin ba shi da yawa, amma kowa ya san abin da ya saya.

Kayan da ya cancanci a sayar shi ne wanda yake cikakke, mai awo da suna da farashin da kasuwa ta sani: zaren da ba a fasa ledarsa ba, zif dozin-dozin masu tsawo ɗaya, fakitin maɓallai, shafi ko yadin da ya kai yadi 2 zuwa sama. Irin wannan jari ne da ke kwance, kuma shagon da ke biyan haya da kuɗin wuta da man janareta ba ya kyautar da jarinsa don kawai ya gaji da ganinsa. Sai dai kada ka sa farashi da abin da muka biya a da. Mafi yawan waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Zif ɗin da muka saya kafin lokacin ya fi kuɗinsa na da nesa ba kusa ba. Duwatsun ado da bakin leshi kuwa akasin haka ne, domin su yayi ke tafiyar da su, kuma wanda yayinsa ya wuce ko rabin kuɗinsa da wuya ka gani. Ka fara shiga kasuwa hannu rabbana ka tambayi farashin sabo, sannan ka san inda za ka tsaya.

Game da kai su Ƙofar Wambai kuwa, ban hana ba, amma ka yi lissafi tukuna. Mai shago a kasuwa saye yake domin ya sayar, dole ya taya da arha ya bar wa kansa riba. Ka cire kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, ka cire yinin da za ka yi ba ka hau keke ba, wanda a cikinsa za ka iya gama kaftani guda. Sau da yawa abin da ya rage bai kai wahalar ba. Ni na fi son a fara da telolin layinmu, domin su amfani za su yi da kayan, za su biya kusa da farashin kasuwa, kuma babu kuɗin mota. Bayansu sai dillaliya, wadda ke shiga gidajen da mata ke ɗinki a ciki, inda ni da kai ba za mu shiga ba. Lokaci ma yana da nasa tasiri. A watan Sha'aban, sa'ad da kowane tela ke tanadin ɗinkin ƙaramar Sallah, zare da zif ba sa kwana. Mako guda bayan Sallah kuwa ko kallonsu ba a yi. Kuma duk wanda za ka sayar wa, ka nuna masa aibin kayan da hannunka, kada ka jera masu kyau a bakin buhu. Ka san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu.

Saura kaso mafi yawa a buhunan nan, wato kayan da lafiyarsu ƙalau amma sun rarrabu: zaren da aka ci rabinsa, maɓalli huɗu na wannan iri da shida na wancan, ƙyallen da bai kai yadi ba. A kasuwa ba su da daraja, duk wanda ka kai wa zai taya maka kuɗin tsumma. A hannun mai koyo kuwa dukiya ne. Mu a zamaninmu a kan takardar buhun siminti muka koyi miƙe layi, domin babu mai ba yaro yadi ya ɓata, kuma ranar da aka fara ba ni ƙyallen gaske na haɗa aljihu ban manta da ita ba. Waɗannan su ne na bayarwa, kuma na fi son su tafi hannun wanda muka san zai yi aiki da su: matan unguwa masu ɗinka jakunkuna da ribom da shimfiɗar jarirai, cibiyoyin koyon sana'a, gidajen marayu, da gidajen gyaran hali inda ake koya wa ɗaurarru ɗinki. Ka je ka tambaya tukuna ko suna buƙata da irin abin da suke buƙata, domin wurin da ba shi da keke ko malamin ɗinki, kai masa buhun ƙyalle ƙarin kaya ne. Sannan ka kakkaɓe, ka ninke, ka haɗa maɓallai iri-iri a ƙananan leda, yadda wanda ya buɗe zai ga an mutunta shi. Kada kuma ka lissafa wannan a cikin zakka. Ita tana da nisabinta da lokacinta da mutane takwas da aka ambata, ba a biyan ta da abin da aka share daga ɗakin ajiya.

Akwai kaɗan da ba za a sayar ba, ba za a bayar ba. Farin zare da baƙi da fararen maɓallan kaftani ba su da yayi, a mayar da su kan kanta inda ido zai riƙa ganinsu, domin ɓoye su a buhu ne ya sa muka sake sayen irinsu. Ƙa'idata ga sauran ita ce, abin da Sallah huɗu suka wuce ba a nema ba, ya bar shagon. Ƙullin zaren tsamiya da ka tarar a cikin gwangwani kuwa, tare da takardun zanen aska biyu da aska takwas, wato salon adon babbar riga, na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Zaren tsamiya na gaske, wanda ake kaɗawa daga saƙar tsutsa, yau sai an sha wuya ake samunsa, kuma da shi zan koya maka aikin hannu na babbar riga kafin ka bar nan.

A cikin masu koyon da suka cancanci kason bayarwa har da kai, tun da baɗi in Allah ya kai mu za a yaye ka, kuma sabon shago ba ya rasa buƙatar maɓalli ɗaya ko zare mai wani launi da tsakar dare. Ka zaɓi abin da zai cika ƙaramin kwali ka rubuta sunanka a kai, amma bayan an fitar da na masu kaya, ba kafin nan ba. Gobe da safe kafin mutane su fara zuwa, ka shimfiɗa tabarma a ƙofar shago ka juye buhun farko, ni kuma zan zo da littafin awo na shekaru ukun da suka wuce.