Tambaya da Amsa: Sabulunmu yana tsatsar mai, kuma yana cin hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne a Aboabo, nan Kumasi: ni da ƙanwata da matar yayana da aminiyata. Mun kwashi adashi muka fara sabulun wanka na man kaɗe. Zubin farko, wani gefen ya yi laushi yana tsatsar mai, wani gefen yana cin hannu. Da gwangwanin madara muka auna soda, wato kostik soda ta haɗa sabulu. Ina muka kuskure? Kuma yaya za mu yi da kuɗi kada zumunci ya ɓaci?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Gwangwanin nan ku mayar da shi wurin awon gari. Soda da sikeli ake auna ta, giram-giram, domin kowane mai da adadin sodar da yake ci. Man kaɗe giram 100 yana cin kusan giram 13, manja 14, man kwakwa 18. Kun ga idan kuka sauya mai kuka bar sodar yadda take, lissafi ya rushe.

Ga haɗin mai kilo ɗaya da za ku fara da shi: manjan da aka cire wa launi giram 400, man kwakwa 300, man kaɗe 300, soda 142, ruwa 320. An rage sodar kaɗan da gangan don wani man ya saura ya tausasa fata. Jan manja yana yi, amma kumfarsa rawaya ce, tana ɓata farin tawul.

Ku sa safar hannu ta roba da tabarau, a fitar da yara daga wurin. Soda ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali. In aka zuba ruwa a kan soda tana iya yin tsalle ta ƙona fuska. Kada a yi aikin cikin tukunyar alminiyam, soda tana cin ta. Roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa kawai.

Abin da ya faru da zubinku, bayan awo, muna ganin sanyi ne. Man kaɗe yana saurin daskarewa. Idan ya haɗu da ruwan soda mai sanyi sai haɗin ya yi kauri nan take, mai juyawa ta ɗauka ya kama, alhali man ne kawai ya sandare. A cikin mazubi sai su rabu, mai gefe, soda gefe. Don haka ku haɗa su duka biyun suna da ɗumi, wajen digiri 40. Ku juya har ya yi kaurin koko, yadda in kun ɗiga da cokali sawun ɗigon zai tsaya a sama. Da injin markaɗe na hannu mintoci ne. Da muciya sai a haura awa. A nan ake sa turare, giram 20 zuwa 30. Bayan kwana ɗaya ko biyu a cire a yanka, za a samu guda 12 ko 13 masu giram 100. Wancan da ya lalace kada ya shiga hannun kowa.

Damshin Kumasi ma abin lura ne. Sodar da aka bari a buɗe tana shan ruwan iska, sikeli ya nuna giram 142 alhali wani ɓangaren ruwa ne, sabulu ya fito lagwab. Da damina sabulun kansa yana zufa, saboda haka a shanya shi a kan katako inda iska ke ratsawa, kada a naɗe shi a leda tun bai bushe ba.

Batun kuɗi yana ɗaure da shanyar nan. Sabulu yana kwana mako 4 zuwa 6 kafin ya isa kasuwa, wato jarinku yana kwance fiye da wata ba kobo. Ku faɗa wa juna wannan tun yau. A rubuta abin da kowacce ta zuba, a ware ladan mai aiki daban da rabon mai jari, a buɗe lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ta sana'ar kaɗai. Sabulun da za a ɗauka don suna ko biki a rubuta shi da farashinsa, ko da na Umma ne.

Kafin ku kai shaguna ko kasuwar Kejetia, ku yi rajistar suna a ofishin rajistar kamfanoni, sabulun kuma a hukumar abinci da magunguna, FDA. A takardar jikinsa ku lissafa abin da ke ciki. Ku bar alkawarin warkar da ƙuraje ko makero, kuma kada ku ce babu kemikal: soda kuka sa, ko sabulun salo ma da tokar ɓawon 'ya'yan itacen koko yake kamawa.